Ruwan Zobe Da Ƙwaƙwalwar Inji: Yadda Ya Kamata A Ja Mata Wuta

A cikin shekarar 1983, zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari, aka kammala ginin madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa, cikin ƙasar Dutsin-Ma. Madatsar tana iya riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 170, amma sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin da ke tace ruwan ya tura shi cikin bututu zuwa garuruwa. Shekara 38 ke nan tsakanin tare ruwa da shan sa, kuma a cikin waɗannan shekaru yadda ake tafiyar da manyan injuna ya sake baki ɗaya.

A da can, ma'aikaci ne ke tsayawa gaban injin tura ruwa, ya kunna, ya kashe, ya leƙa tanki ya ga ko ya cika. A ma'aikatun zamani kuwa wannan aiki ya koma hannun wata 'yar na'ura wadda girmanta bai wuce bulo ba, wadda injiniyoyi ke kira PLC a taƙaice, ma'aikata kuwa sukan ce mata ƙwaƙwalwar inji. Asalinta daga Amurka ne, inda a shekarar 1968 kamfanin motoci na General Motors ya nemi a ƙera masa abin da zai maye gurbin ɗaruruwan makunnai masu wuyar gyara. Wani injiniya mai suna Dick Morley da abokan aikinsa suka fito da wadda aka sa wa suna Modicon 084. Yau ita ce ke tafiyar da injunan tace ruwa, da na casar shinkafa, da na cika kwalabe, har ma da 'yar'uwarta ƙarama da ke manne a jikin rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana, irin waɗanda ake gani a ƙauyuka daga Kuki har zuwa Kurfi.

To, amma fa wannan ƙwaƙwalwa tana da zaɓen abinci. Wutar da kamfanin rarraba lantarki na KEDCO ke kawowa jihohin Kano da Katsina da Jigawa mai ƙarfin bolt 230 ce a layi guda, ko kuwa 400 tsakanin layi da layi, kuma tana kai da komo sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ita kuwa na'urar, galibi bolt 24 take bukata, mai gudana a miƙe kamar ta batir. Saboda haka sai an sa mata wani ɗan akwati a tsakani, wato majuyin wuta, wanda ke rage ƙarfin ya kuma daidaita shi. Kuɗinsa kaɗan ne in an kwatanta da na injin da yake yi wa hidima, shi ya sa ba a cika kula da shi ba a takardar kwangila. Amma ran da ya ƙone, inji mai ƙoshin lafiya zai tsaya cik, tanki ya bushe, 'yan garuwa su ƙara kuɗin jarka.

LISSAFI KAFIN SAYE

Abu na farko shi ne lissafi. Ana haɗa abin da kowane kaya zai ja, sa'an nan a bar rara. Misali, idan ƙwaƙwalwar za ta ja amfiya 1, na'urorin auna ruwa su ja 2, makunnai da bawul-bawul su ja 3, jimla 6 ke nan, to mai hankali ba zai sayi majuyi mai amfiya 6 cif ba, sai ya sayi mai 10. Dalili kuwa shi ne adadin da aka rubuta a jikin kaya na wuri mai sanyi ne, kuma masu ƙerawa da kansu sun bayyana a takardunsu cewa ƙarfin yana raguwa in zafi ya wuce wani ƙa'idajjen mataki.

Wanda ya yi bazara a tsakiyar Jihar Katsina ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin akwatin ƙarfe da ke rufe ƙarƙashin rufin kwano. A cikin majuyin akwai wasu ƙananan kaya masu ajiye wuta da ake kira kafasita, kuma injiniyoyi suna da ƙa'idar da suka daɗe da tabbatarwa game da su, cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. Wato abin da zai yi shekara 10 a zafin digiri 40, shekara 5 zai yi a 50, shekara 2 da rabi a 60. Don haka ake kafa majuyi a tsaye, a bar masa fili sama da ƙasa yadda iska za ta ratsa, a kuma ajiye shi can ƙasan akwati nesa da kayan da ke fitar da zafi, tun da yake zafi sama yake tashi.

Nan kuma sai wata matsalar ta ɓullo. In an buɗe wa iska ƙofa, ƙurar hunturu za ta shiga ta kwanta a kan kaya kamar bargo, ran da raɓar damina ta same ta sai ta zama hanyar da wuta ke bi. Ƙadangare da ɓera da tsaka duk suna son ɗumin akwatin, zanzaro kuma ba ya ganin rami ya ƙyale. Maganin abin shi ne fanka mai matata, a riƙa wanke matatar a kan lokaci, a kuma toshe duk wata kafa da kebul ya shiga ta cikinta. Aiki ne na minti 15, amma sai an rubuta sunan wanda alhakinsa ke wuyansa, in ba haka ba kowa zai ɗauka na wani ne.

WAYAR ƘASA

Babu inda ake yin ha'inci a aikin lantarki kamar wajen wayar ƙasa, domin aiki ne da ake binnewa, ido ba ya ganin sa. Amfaninta shi ne, idan waya mai wuta ta taɓa jikin akwati, wutar ta sami hanya mai sauƙi ta bi, har fis ya tsinke ko bireka ta faɗi kafin mutum ya kai hannu. Ba a bukatar wuta mai yawa kafin a yi rashi. Abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, in ya ratsa ƙirji, yana iya rikita bugun zuciya. Ita ma ƙwaƙwalwar inji tana dogara da wannan waya wajen zubar da hayaniyar lantarki da manyan injuna ke haddasawa, wadda kan sa ta karanta tanki a cike alhali babu ko ɗigo.

Sunan Dutsin-Ma kansa ya isa gargaɗi. Ƙasa mai duwatsu da tsakuwa ba ta karɓar wuta da sauƙi, kuma da rani, in danshi ya janye, abin sai ya ƙara tsananta. Sandar da aka kafa a watan Agusta ta ba da awo mai kyau tana iya zama ba ta da wani amfani a watan Maris. Saboda haka awon gaskiya shi ne wanda aka yi a tsakiyar rani, da mitar da aka yi domin wannan aiki, aka kuma rubuta adadin a takarda. Inda sanda guda ba ta isa ba, sai a kafa da yawa a tazara a haɗe su. Al'adar nan ta zuba gishiri da gawayi a ramin tana gyara awo na ɗan lokaci, amma ruwan sama yana wanke gishirin, kafin nan kuma ya riga ya ci sandar, musamman in ƙarfe ce aka shafa wa jan-ƙarfe sama-sama aka sayar da sunan ta gaske.

Daga nan sai maganar wutar da ke shigowa. Kowa ya san halinta tun zamanin hukumar NEPA da aka kafa a 1972, har zuwa bayan da aka miƙa rarrabawa ga kamfanoni a watan Nuwamba na 2013. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna. Sai dai ɗaukewar wuta ba ita ce ta fi yi wa na'ura illa ba. Abin tsoro shi ne dawowarta da ƙarfi, da faɗuwar layi ɗaya cikin uku, wanda ke sa injin ya yi ta gurnani har ya ƙone, da kuma tsinkewar waya ta huɗu wadda wuta ke komawa ta cikinta. Idan wannan ta tsinke, ko ɓarayi suka sace ta daga taransifoma, kayan da aka yi domin bolt 230 suna iya samun kusan 400 farat ɗaya. Akwai ɗan makunni mai gadi da ke lura da waɗannan abubuwa ya yanke wuta nan take, akwai kuma na'urar da ke shanye bugun tsawa, wadda ake bukata ƙwarai a farkon damina. Inda akwai janareta, wajibi ne makunnin sauya layi ya zama irin wanda ba ya yarda layin biyu su haɗu, domin janaretan da ya tura wuta baya cikin layin kamfani yana iya kashe ma'aikacin da ke kan turke can nesa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wayoyin saƙo na bolt 24 kuwa ba a jera su cikin bututu guda da manyan wayoyin inji. In dole sai sun gamu, to su gitta juna.

Akwai ƙa'ida guda da ɗaliban fasaha, ko na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, ya kamata su riƙe da kyau, wato kada a damƙa ran mutum a hannun ƙwaƙwalwar inji. Jan maɓallin nan na tsayar da inji cikin gaggawa tilas ne ya yanke wutar injin ta hanyarsa ta kansa, ko da ƙwaƙwalwar ta rikice. Haka nan injin da mutane ke sa hannu a cikinsa, kamar na niƙa ko na casa, bai kamata ya tashi da kansa ba in wuta ta dawo, sai wani ya danna. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau da dama a yini, lebura yakan ɗauki lokacin duhu a matsayin damar share cikin inji, ita kuwa wuta ba ta sallama in za ta dawo.

Mai gyara shi ma yana da tasa ƙa'idar. Ya kashe babban makunni, ya sa masa kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihunsa, sa'an nan ya gwada da mita kafin ya taɓa komai. Na'urorin da ke daidaita gudun inji suna riƙe wuta mai kisa na wasu mintoci bayan an kashe su, kuma an rubuta adadin mintocin a jikinsu. Rijiyar sola ta ƙauye ta fi yaudara, domin ba a ganin wayar kamfani kusa da ita. Alhali faranti 10 da aka jera a layi, kowanne yana ba da wajen bolt 40, sun kai 400 ke nan, kuma muddin rana tana sama ba su daina bayarwa. Irin wannan wuta mai gudana a miƙe tartsatsinta ba ya mutuwa da sauƙi, don haka bireka ta gida ba ta dace da ita ba, sai wadda aka ƙera dominta.

ABIN DA YA SHAFI OFIS

Rabin wannan magana a kan tebur take yankewa, tun kafin a ɗaure kusa ko guda. Tun shekarar 2015 doka ta kafa hukumar NEMSA, ta ɗora mata duba aikin lantarki da gwada shi kafin a sake masa wuta, da kuma ba masu aikin takardar shaidar ƙwarewa. Jami'in da zai sa hannu a biya ɗan kwangila yana da ikon ya nemi ganin waɗannan takardu, kuma ba sai ya zama injiniya ba kafin ya tambayi zanen wayoyi kamar yadda aka ja su a zahiri, da sakamakon awon wayar ƙasa tare da ranar da aka yi shi. Ya kamata kuma ya karɓi kwafin umarnin da aka ɗura wa ƙwaƙwalwar, da kalmar sirrin buɗe ta. Idan babu su, ran da na'urar ta mutu, sabuwar da za a sayo fanko ce, sai an nemo wanda ya tsara ta tun farko, shi kuwa mai yiwuwa ya bar ƙasar ko ya tsuga kuɗin da ya ga dama.

Sa'an nan a sa majuyi guda na ajiya da fis-fis masu adadin da ya dace cikin kayan da za a miƙa wa sito. Inda babu fis a sito, abin da ke biyo baya sananne ne, mai gadi ko ofareta zai naɗa zaren waya a gurbinsa don ruwa ya tafi, daga ranar nan kuma akwatin ba shi da mai tsaron ƙofa. Kuɗin waɗannan kaya da na awon shekara-shekara ya kamata su fito a kasafin ma'aikata da sunansu, a kuma tsayar da awon a watan Maris ko farkon Afrilu, lokacin da ƙasa ta gama bushewa, hadarin farko kuma bai riga ya taso daga gabas ba.