Tsohon Yanayin Azbin da Ƙaurar Gobirawa

Duwatsun Azbin, arewa da Agadas, yau ƙasa ce ta fari, ruwanta na shekara kaɗan ne ƙwarai. Amma a dā ba haka take ba. A Tagalagal, bisa dutsen Bagzam, an tono tsingaron tukwane masu shekara wajen 10,000. A Gobero kuwa, cikin Tenere, wurin da Paul Sereno ya gano a 2000, an sami kaburbura kimanin 200 a gaɓar wani ƙafaffen tafki, tare da ƙasusuwan kada da dorina da giwan ruwa. Dalili kuwa, a wancan zamani iskar damina tana kutsawa arewa fiye da yanzu. Sa'ad da ta ja baya, wajen shekara 4,500 da suka shige, sai mazaunan tafkin suka watse, duwatsu suka zama mafaka, don koramunsu na riƙe ruwa.

To, a nan ya kamata malamai su yi hattara. Gobirawa sun ce daga Azbin suka taso, sai almajiri ya zaci wannan farin ne ya kore su. Lissafi bai yarda ba. Ƙaurarsu ta biyo bayan shigowar Buzaye, ba ta kai shekara 1,000 ba, watau tsakanin al'amuran biyu akwai fiye da shekara 3,000.