Kumfar Madara Mai Sanyi: Jari Kaɗan, Amma Sai Da Firji

A shekarar 2018 ne kamfanin Starbucks ya baza kofi mai ƙanƙara da kumfar madara mai sanyi a shagunansa na Amurka, masu sayar da abin sha a ƙasashe da dama kuma suka bi sahu. Abin lura ga ƙananan 'yan kasuwa shi ne haɗa kumfar ba ya bukatar na'ura mai tsada.

Furotin ɗin da ke cikin madara shi ke riƙe iskar da aka kaɗa a ciki, maiƙo kuwa karya kumfar yake yi. Saboda haka madarar da aka cire wa maiƙo ta fi dacewa. Akan sanyaya ta zuwa kimanin digiri 4, a zuba rabin kwalba, a rufe, a girgiza da ƙarfi na kusan minti ɗaya, ko kuma a burge ta da maburgi mai batir.

Sai dai kumfar kan sauka cikin 'yan mintoci, don haka a gaban mai saye ake haɗa ta. Inda wutar lantarki ba ta zama, wajibi ne a saka kuɗin ƙanƙara ko na man janareta cikin farashi, domin madarar da ta rasa sanyi ba ta jimawa take lalacewa.