Manomi ne ko ɗan acaɓa? Yadda ƙididdigar ayyuka ke kallon mutanen Ikara, Maƙarfi da Kudan

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya sa jama'a riƙe baki. Ta ce a watanni ukun farko na shekarar, marasa aikin yi a Najeriya kashi 4.1 ne cikin 100. Adadin da aka sani kafin nan, na ƙarshen 2020, kashi 33.3 ne. Ba ayyuka ne suka ƙaru haka a tsakanin ba, mudun awon aka canza. A da, duk wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana sa shi cikin marasa aiki. Yanzu wanda ya yi aikin ko da awa ɗaya cikin kwana bakwai da suka wuce, don a biya shi ko don ya ci riba, ya shiga sahun masu aiki. Tsohon shugaban hukumar, Yemi Kale, na cikin waɗanda suka fito fili suka soki wannan ƙa'ida.

Hukumar tana da hujjarta, kuma ba hujjar banza ba ce. Ƙa'idar awa ɗaya tana nan tun taron masana ƙididdigar ƙwadago na duniya na 1982, an kuma sabunta tsarin a taro na 19 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shirya a Geneva a 2013. Awon da Najeriya ke yi a baya bai yi daidai da na maƙwabtanta ba, don haka ba a iya kwatanta alƙalumanta da na Nijar ko Ghana. Bankin Duniya ya taimaka wajen sauyin. Sai dai musun da ya ɓarke ya tsaya kan awa ɗaya kawai, alhali matsalar da ta fi shafar arewacin jihar Kaduna tana cikin tambayoyin da ke biyo baya: mene ne babban aikinka, kuma wa kake yi wa?

A ɗauki magidanci a yankin Maƙarfi. Da damina yana gonar masara da dawa. Da kaka ta kama, rake ya nuna, sai sara da ɗauri da lodi, ranar Laraba kuma yana kasuwa. Da rani yana fadama wajen tumatir da attaruhu, da yamma ya hau babur ya yi acaɓa. Idan bazara ta matsa, rumbu ya yi ƙasa, ya tafi ƙwadago a gonar wani. Takardar tambayoyi tana son aiki ɗaya a matsayin babba, wato wanda ya fi cin awanninsa, ita kuwa tambayar farko kwana bakwai kaɗai take waiwaya. Ma'aikacin ƙididdiga da ya zo masa a watan Yuli zai rubuta manomi. Wanda ya zo a watan Afrilu zai iya rubuta ɗan acaɓa ko lebura. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Haka abin yake ga mai lambun inabi a Kudan da mai dafa mazarƙwaila a ƙauyukan Hunƙuyi: sana'o'in na lokaci ne, kowace da watanninta.

Tsarin 2013 ya zo da wata iyaka da ta fi wannan wuya. Ya raba mai noma don sayarwa da mai noma don ci. Na farko yana cikin masu aiki, na biyu an cire shi an ba shi rukuni na daban. Ana tambayar manomi ko abin da ya shuka galibi na kasuwa ne ko na gida. Rake da tumatir ba su da gardama, na kasuwa ne. Masara fa? Hatsin da ke rumbu shi ne tuwon gida, shi ne kuma ajiyar da ake taɓawa idan suna ya taso, ko aka kwantar da yaro a asibiti, ko lokacin sayen taki ya zo. Manomin da aka tambaya a watan Yuni bai san yadda damina za ta kaya ba, balle farashin kaka. Idan ya ce na ci ne, kuma bai fita neman wani aiki ba cikin makonni huɗun da suka wuce, to ba ya cikin masu aiki, ba ya cikin marasa aiki. Mutumin da ya wuni a duƙe yana noman firi ya fita daga lissafin biyu gaba ɗaya. A Ruwanda, da aka fara aiki da wannan tsari wajen 2016, adadin marasa aiki tashi ya yi daga ƙasa da kashi 5 zuwa sama da kashi 15, domin cire masu noman ci da aka yi. Ƙa'ida ɗaya ce, ta ɗaga lamba a can, ta sauke ta a nan, gwargwadon inda kowace ƙasa ta taso.

Sai batun matsayi. Rabon da aka saba da shi tun 1993 ya ƙunshi ma'aikacin da ake biya, da mai ɗaukar ma'aikata, da mai zaman kansa, da mai taya iyali ba da lada ba. Saurayin da ke noma a gandun mahaifinsa da safe, ya koma gayaunarsa da yamma, yana cikin rukuni biyu a rana ɗaya. Ɗan acaɓan da babur ɗin na ubangidansa ne, yake kai balas kullum, ba mai albashi ba ne, kuma ba cikakken mai zaman kansa ba ne. Taron masana ƙididdigar ƙwadago na 2018 ya ƙirƙiro wa irinsa rukuni na musamman, na wanda ke aiki da kansa amma wuyansa na hannun wani. Wannan ci gaba ne, in har an koya wa masu yawon tambaya yadda za su gane shi a bakin tasha.

Inda abin ya fi damuna shi ne mata. A gidajen da ake kulle, ma'aikaci namiji a zaure yake tsayawa, mai gida ne ke amsawa a madadin kowa. Aka ce masa matarka fa, sai ya ce tana gida, ba ta aikin komai. Ba don ya ɓoye ba: a al'adarmu kuɗin sana'ar mace nata ne, miji da yawa bai san jarin ba, bai san ribar ba. Alhali a bayan katangar nan ana tuyar ƙuli-ƙuli da ƙosai, ana dama fura, ana daddawa, ana surfe da kitso da ɗinkin hula, ana kiwon awaki, ana zubin adashi. Yarinyar da ke kai tallan ba ta kai shekara 15 ba, don haka ita ma ba ta cikin lissafin. Wannan ba sabon sani ba ne. Polly Hill ta rubuta kan cinikin cikin gida na matan Batagarawa tun 1969, Emmy Simmons kuma ta bi sana'o'in abinci na mata a ƙauyukan Zariya a shekarun 1970. Wani gwaji da masu bincike na Bankin Duniya suka yi a Tanzaniya, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa alƙaluman aiki suna canzawa idan aka gajarta tambayoyi ko aka bar wani ya amsa a madadin mai abin. A nan ƙa'idar awa ɗaya ma tana iya yi wa mata adalci, domin tana shigar da mai tuyar safe da tsohon awo zai kira marar aiki. Amma sai an isa gare ta an ji daga bakinta.

Me wannan ya haifar? Na farko, lamba mai sanyaya ran mai mulki. Wanda ya ji kashi 4 zai ɗauka an gama da matsalar, alhali rahoton nan da kansa ya ce sama da kashi 90 na masu aikin suna ayyukan da ba su da rajista ko kariya, masu karɓar albashi kuwa kusan kashi 12 ne kacal. Talaka ba ya iya zama babu abin yi, tunda babu mai biyansa kuɗin zaman gida. Dole ya yi buga-buga. Ƙarancin marasa aiki a irin ƙasarmu alamar rashin madogara ce. Matashin da ya gama kwalejin lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi, yake sayar da katin waya kafin Allah Ya kawo ɗauka, a takarda mai aiki ne. Na biyu, zubewar yarda. Jama'a da suka ji adadin suka kalli majalisun samari a unguwanninsu sai suka ce ƙididdiga ƙarya ce, kuma wanda ya yanke haka ba zai ba ma'aikaci amsa ta gaskiya ba idan ya sake zuwa. Na uku, tsare-tsare. Idan rajista ta ce mutum ɗan acaɓa ne, rabon taki zai wuce shi. Idan ta ce mace ba ta sana'a, rancen jari ba zai neme ta ba. Kamfanin tumatir na Ikara, da aka kafa a 1981 ya kuma sha tsayawa, ba zai san hannu nawa ke lambu a kewayensa ba daga lissafin da ya kama mutane a watan da ba na lambu ba.

Abin da ake bukata an taɓa yin sa a ƙasar nan ta Zazzau. A 1966 zuwa 1967 David Norman da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta Samaru sun bi gidaje a Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi shekara guda cur, suna komawa a kai a kai suna rubuta aikin da kowa ya yi, a gona da wajen gona. Da haka suka ga yawan lokacin da manomi ke ba wasu sana'o'in. Binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ke yi da Bankin Duniya tun 2010 ma sau biyu yake zuwa gida ɗaya, bayan shuka da bayan girbi. Sabon binciken ayyuka ya yi daidai da ya baza ziyarorinsa cikin watanni goma sha biyu, amma gidaje 35,520 ne a duk ƙasar. In aka raba su ga ƙananan hukumomi 774, kowace ba ta samu hamsin ba, don haka ba zai iya faɗin komai a kan Kudan ita kaɗai ba. Wannan gurbi na Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kaduna ne. Ta riƙe ma'aunin duniya don kwatance, amma ta je gida ɗaya da damina da rani, ta rubuta sana'a ta biyu da ta uku, ta tambayi awanni da abin da aka samu, ta kuma ɗauki mata ma'aikata 'yan yankin da za su wuce zaure su shiga cikin gida.