Kewa, bege da marmari: yadda ake tuna waƙoƙin zamanin kaset a ƙasar Madarunfa

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu duba wani hali da ya yawaita ga mutanen da suka yi ƙuruciyarsu tsakanin 1987 da 2005 a ƙasar Madarunfa, cikin jihar Maraɗi, wato yawan tuna mawaƙan zamani na wancan lokaci da hotunan waƙoƙinsu. Bafaranshe na kiran wannan hali nostalgie, kalmar da likita Johannes Hofer ya ƙera a 1688 daga saiwoyi biyu na Girkanci, ɗaya mai nufin komawa gida, ɗaya mai nufin ciwo. Hausa ta raba wannan ma'ana tsakanin kalmomi uku. Za mu fara da bambanta su, sannan mu bi hanyoyin da waƙoƙin suka shigo, daga ƙarshe mu nuna abin da ke shirin ɓacewa.

2. Kalmomi uku

Mu dubi waɗannan misalai:

(1) Ina marmarin waƙar nan.
(2) Ina begen mawaƙin nan.
(3) Ina kewar lokacin nan.

Ginin jimlolin ɗaya ne, amma ma'anarsu ta sha bamban. Marmari shi ne sha'awar abin da aka jima ba a samu ba, kuma da zarar an samu sai ya kwanta. Shi ya sa ake ce wa ƴaƴan itace kayan marmari. Bege ya ƙunshi ƙauna da girmamawa, ana yin sa ga wanda ke nesa ko wanda ya fi mai begen daraja. Daga nan ne aka sami waƙoƙin begen Annabi. Ita kuwa kewa gurbi ce da wani ya bari bayan an saba da shi. Ba a kewar abin da ba a zauna da shi ba. Saboda haka yaron da aka haifa a 2010 yana iya marmarin tsohuwar waƙa, yana iya begen mai ita, amma jimla ta (3) ba ta dace da bakinsa ba.

3. Ƙofofi biyu

Madarunfa tana kudu da Maraɗi, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba, kuma hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina ta ratsa ƙasarta ta Ɗan Isa. Wannan zama ya sa waƙar zamani ta shigo mata ta ƙofa biyu.

Ƙofar farko ita ce ta Yamai, ta hanyar Muryar Sahel da Tele Sahel. A 1987 aka kafa gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin nan na Tawa, kuma gasar ta fito da matasa masu haɗa jita da gangunan Turawa da kiɗan gargajiya. A cikin taurarin wannan zamani akwai Sani Abusa, da Musa Pusi, da Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda ya ɗauko kiɗan bori ya ɗora shi a kan kayan zamani. A 1994 kamfanin Stern's na Landan ya fitar da faifan da ya haɗa Musa Pusi da Sa'adu Bori, mai suna Niamey Twice. Sa'adu Bori ya rasu a 2008.

Ƙofa ta biyu ita ce ta Kano. Fim ɗin bidiyo na Hausa ya soma da Turmin Danya a 1990, kafin shekara goma kuwa waƙa da rawa irin ta finafinan Indiya sun zama gishirin kowane fim. Sangaya (1999) da Wasila (2000) sun yi tashe ne musamman saboda waƙoƙinsu, waɗanda aka kaɗa da na'urar Yamaha da ake kira fiyano. A nan tauraron da ido ke gani dabam yake da mai muryar: ɗan wasa na motsa baki, mawaƙi na ɓoye a ɗakin ɗaukar murya. Wannan ya sa da yawa daga masu begen waƙar suke kiran ta da sunan fim ko na ɗan wasa, ba su san wanda ya rera ta ba. Ƙofar kuma ba shiga kawai ake yi ta cikinta ba: Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi, a Kano ta yi suna.

4. Kalmomin na'ura a matsayin shaidar zamani

Kowace ƙofa ta zo da kalmominta. A baki ɗaya ana iya jin tagwayen aro kamar haka, na farko daga Faransanci, na biyu daga Ingilishi:

(4) tele / talabijin
(5) manyeto / rakoda
(6) pil / batir
(7) kuran / lantarki

Kalmomin (5) sun tsufa tare da na'urarsu. Wanda ya ce manyeto a yau ya faɗi shekarunsa ba tare da an tambaye shi ba. Akasin haka muke gani ga kalmar faifai. Asalinta abin da ake saƙawa don rufe ƙwarya ko sheƙar hatsi. Saboda kamar siffa aka ba faifan garmaho sunan, daga nan ya koma kan sidi, yau kuma ana cewa faifan bidiyo ga hoton da ke cikin waya, wanda ba shi da siffa ko kaɗan. A waɗannan misalai, kalmar aro ta bi na'ura kabari, kalmar gida ta sauya ma'ana ta rayu.

Akwai kuma batun karin harshe. A bakin dattawan ƙasar Maraɗi ana jin shina da sunka da hwari, inda Bakano ke cewa yana da suka da fari. Waƙoƙin fim sun zo da Kananci tsantsa, kuma matasa sun hardace su baiti baiti. Ta wannan hanya Kananci ya shiga zance tsakanin saurayi da budurwa, fagen da lakwal, mai koyarwa da Faransanci, ba ta taɓa kaiwa ba.

5. Me ake kewa?

A yau mai shagon tura waƙa na iya zuba ɗaruruwan tsofaffin waƙoƙi cikin memori ɗaya, wasu kuma suna YouTube. Idan da waƙar ce kawai ake nema, da magana ta ƙare, domin marmari ya biya. Amma ba ta ƙare ba. Dalili shi ne yadda ake saurare a wancan lokaci. Tele ɗaya ce a unguwa, ana fito da ita waje da dare. Gidan kallo na haɗa yara da manya a kan benci, ga ƙarar janareto. Kaset ɗaya na zagaya gida biyar, in zarensa ya fita a mayar da shi da biro. Waƙa abin tarayya ce, ana jiran ta, ana gardama a kanta washegari. Waya ta mayar da ita abin kunne ɗaya. Abin da ya bar gurbi shi ne taron, da mutanen da aka zauna da su, waɗanda wasunsu sun tafi ci-rani, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Wannan ita ce kewa, kuma na'ura ba ta maganinta.

Ana cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Karin maganar na da gaskiyarta, amma ya kamata a tuna cewa dattawan wancan zamani su ma sun raina kiɗan fiyano, suna kewar kalangun Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Kowane zamani na kewar waƙar da ya yi samartaka da ita.

6. Kammalawa

Abin da ya fi damun mai nazarin harshe shi ne rashin daidaito wajen adanawa. Waƙoƙin Kano sun sami masu kwafa da yawa, saboda kasuwarsu babba ce. Waƙoƙin ƙofar Yamai kuwa kaɗan ne suka tsallaka daga kaset zuwa waya, sauran suna cikin akwatuna, zafi da ƙura na cin zarensu. Idan aka bar abin haka, jikokin Madarunfa za su ɗauka cewa ƙofa ɗaya ce kawai ta taɓa buɗewa. Kowane kaset shaida ce mai kwanan wata ta yadda ake furuci, da aron kalma, da cuɗanyar Hausa da Zabarmanci da Faransanci a wancan lokaci. Muna ganin aikin da ya dace da ɗaliban sashenmu shi ne su nemi waɗannan kaset a hannun masu su, su kwafe su, su rubuta baitocin bisa ƙa'idar rubutu, tare da sunan mawaƙi da shekara, tun masu iya ba da bayani suna raye.