Bakin mai saye ya fi bakin mai kaya nauyi

Ƴan uwa manoma da makiyaya na ƙasar Kurfai, in an gama girbi mutane da yawa sukan nemi ƴar sana'a. Wata ta fara yin cuku. Wani ya fara sayar da irin hatsi ko na wake. Wani kuma ya ɗaure raguna biyu a turke. Jarin ba shi da yawa, jikka goma ne ko ashirin. Sau da yawa ma rance ne daga asusun mata, wanda za a biya da ƴar riba. In kaya suka daɗe ba a saya ba, jari ya narke, bashi kuwa yana nan.

Matsalar sabon mai sana'a ita ce ba a san shi ba. Ya ce kayansa suna da kyau, amma kowane mai kaya haka yake faɗi. Mutane sun saba jin wannan, ba ya shiga kunnensu. Abin da yake shiga shi ne maganar wanda ya fid da kuɗinsa ya saya, ya gwada, ya ce: "Ni na saya, na ga amfaninsa." Wannan ita ce shaidar mai saye. Ba a biyan ko dala a kanta, amma ta fi kowace irin talla ƙarfi.

Mun ga haka da idonmu a kan buhun ajiyar wake mai ninki uku, wanda ake kira PICS. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro shi, aka fara yaɗa shi a Nijar a 2007 tare da ma'aikatar binciken noma ta INRAN. Buhun yana da leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. In an ɗaure shi sosai iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Da farko manoma ba su yarda ba. To, me aka yi? A kowane gari aka nemi waɗansu manoma su zuba wakensu a gaban jama'a, a ɗaure. Bayan watanni aka sake tara mutane, masu waken suka kwance da hannunsu. Kowa ya sa hannu ya ɗiba, ya ga wake lafiya lau. Gani ya kori ji. Daga ranar, waɗannan manoma su suka zama masu tallar buhun, ba malaman gona ba.

Mai ƙaramar sana'a yana iya bin wannan hanya. Mu ɗauki misalin mace mai cuku a Tukunus, inda gidan kiwon shanun Azawak yake tun 1954, wajen kilomita 20 arewa da Filinge. Cukun wannan wuri ya yi suna har Yamai. Amma sunan gari dabam, sunan mai sana'a dabam. Sabuwar mai cuku sai ta nemi nata. Ta fara da mutum uku ko huɗu waɗanda ake jin maganarsu: ungozomar gari, matar liman, direban motar kasuwa. Ta sayar musu, ko ta ba su ɗanɗano. Bayan kwana biyu ta koma ta tambaye su yadda suka same shi. Wannan komawar ita ce yawancin mutane suke mantawa da ita. Mai saye ba ya zuwa da kansa ya yi yabo, sai an tambaye shi.

Shaida mai amfani ita ce wadda ta faɗi abu ƙwaƙƙwara. "Yana da kyau" ba ta isa ba. Amma in mutum ya ce: "Na sayi cukunta, ya yi mako biyu a ɗakina bai yi wari ba, kuma ban ga yashi a ciki ba," mai ji ya samu abin riƙewa. In kuma wata ta ce: "Na je gidanta, na tarar tana wanke hannu da sabulu, ƙuda ba ya sauka a kan cukun," wannan ta fi, domin ta taɓa lafiyar iyali. Haka mai sayar da iri. A ce wanda ya saya ya faɗi irin da ya ɗauka, ko hatsin HKP ne ko wake, da ranar da ya shuka, da damin da ya samu. In gonarsa tana bakin hanya, ita kanta gonar shaida ce. Mai iri yana iya ƙirga ƙwaya 100, ya sa a tsumma mai laima, bayan ƴan kwanaki ya kira masu saye su ƙirga waɗanda suka tsiro da kansu.

A nan ne karatunku zai yi muku rana. Ku sayi ƙaramin littafi. Ku rubuta sunan mai saye, da garinsa, da abin da ya saya, da abin da ya ce. In baƙo ya zo daga Bonkuku yana shakka, ku duba littafi ku ce masa: "Wane na garinku ya saya a watan jiya, ka tambaye shi." Wanda yake da waya kuma yana iya ɗaukar muryar mai saye ya tura ta WhatsApp. Sai dai a nemi izini tukuna. Kada a ambaci sunan mutum ko a yaɗa muryarsa bai sani ba, balle matar aure. Wani ba ya son a san abin da ya saya. In ya ƙi, a bar shi.

Ba kowa zai yaba ba. Wani zai ce gishiri ya yi yawa, wani ya ce mudu bai cika ba. Kada ku yi fushi, ku rubuta wannan ma. Mutumin da ya kawo kuka aka gyara masa, shi ne yakan fi kowa yabo daga baya.

Akwai hanyar da muke hana ku bi. Kada ku ba yaro dala ashirin ya tsaya a kasuwa yana rantsuwa a kan abin da bai taɓa saye ba. Wannan shaidar zur ce. Ƙasarmu kuwa kowa ya san kowa. Abin da aka faɗa ranar Lahadi a kasuwar Baleyara, kafin mako ya kewayo ya kai Damana da Abala. Shaidar ƙane ko ta suruki ma ba ta da nauyi sosai, ko da gaskiya ce, domin mutane za su ce nasa ne.

Ku kuma masu saye, ku lura da wuri ɗaya da shaida ba ta isa ba, wato magani. Kun san masu yawo da lasifika ranar kasuwa, su tsai da mutum ya ce ya sha ya warke daga ciwo bakwai. Ko da bai yi ƙarya ba, bai san abin da ya warkar da shi ba. Zazzaɓi yakan sauka da kansa ya sake dawowa. Cuku in bai yi daɗi ba, asarar dala kaɗan ce. Amma yaro mai zazzaɓin cizon sauro in aka tsaya ba shi ƙwayar kasuwa, kwana biyu suna iya kai shi ga halaka. A kai shi likita a gwada jininsa. Haka maganin dabbobi da na feshin gona: a tambayi malamin dabbobi ko malamin gona kafin a saya, ko da mutum goma sun yaba.

A cibiyoyin yaƙi da jahilci muna roƙon malamai su yi wannan aiki da ɗalibansu a wannan wata. Kowane ɗalibi mai sana'a ya je wurin mutum uku da suka saya a hannunsa, ya rubuta abin da kowannensu ya ce, da yabo da kuka. Ya kawo a karanta a aji, a gyara rubutun tare. In mun zo rangadi za mu duba littattafan.