Zaɓen Taya ga Tsohuwar Motar Gudu

A watan Maris na shekarar 1961 kamfanin Jaguar na ƙasar Ingila ya baje kolin wata sabuwar mota a birnin Jeniba na ƙasar Suwizalan. Sunanta E-Type. Doguwar goshi ce, gajera, mai kujeru biyu, kuma jaridun lokacin sun shaida cewa gudunta ya kai kilomita 240 a sa'a guda. An ƙera sama da guda dubu 70 kafin a daina yin ta a 1974. Har yau akwai masu adana ta, suna tattalinta kamar ƙwai, suna fita da ita jefi-jefi idan gari ya yi kyau.

To, ya kai ɗalibi, ka ɗauka irin wannan mota ta zo hannunka, ga shi kuma tayoyinta sun gaji. Wace taya za ka saya? Kada ka ce ai duk taya taya ce. Abin da yake taɓa kwalta a jikin kowace taya bai fi faɗin tafin hannunka da yatsunsa ba. A kan waɗannan wurare huɗu ne nauyin motar da birkinta da ran direbanta suka dogara.

Ka fara sanin cewa taya ba roba ce zalla ba. A cikinta akwai zaruruwa masu ƙarfi, shimfiɗa kan shimfiɗa, su ne ƙashinta. A tsohon salo, ana ɗora kowace shimfiɗa a karkace, ta bisa ta giciye ta ƙasa, kamar saƙar tabarma. Bari mu kira wannan taya mai saƙar giciye. Da irinta E-Type ta fara fitowa, wato Dunlop RS5. A ɗaya salon kuwa, zaruruwan suna tafiya kai tsaye daga wannan baki na taya zuwa wancan, sannan a ɗaura musu ɗamara a ƙarƙashin zanen da yake taka ƙasa. Wannan ita ce radiyal. Kamfanin Michelin na Faransa ne ya yi rajistar fasaharta a 1946, kuma a yau kusan kowace ƙaramar mota da kake gani a titi ita take sanye da ita.

Mai saƙar giciye tana da halinta. Sitiyari ba ya nauyi da ita, kuma idan mota za ta zame a kwana, a hankali take zamewa, sai direba ya ji tun da wuri ya gyara. Amma tana saurin ɗaukar zafi, tana saurin suɗewa, ba ta riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta sosai, kuma duk wata tsaga da ta tarar a hanya sai ta so ta bi ta. Radiyal ta fi ta riƙo da ƙarko. Wanda yake kai motarsa gasar nuna tsofaffin motoci, inda alƙalai suke duba ko kome yana nan yadda ya fito daga masana'anta, yana da hujjar neman mai saƙar giciye. Amma idan tuƙi za ka yi da gaske, radiyal ta fi, kuma ba ka ɓata asalin motar ba, domin shi kansa kamfanin Jaguar ya koma sa mata radiyal tun tsakiyar shekarun 1960. Abin da ba a yi shi ne gauraya su. Dokar Birtaniya ta hana a sa radiyal a ƙafar dama, mai saƙar giciye a ta hagu, ta kuma hana radiyal a gaba alhali mai saƙar giciye tana baya, saboda bayan motar zai riga gabanta zamewa.

Yanzu sai karatun lambobin da suke gefen taya. A jikin tayar farko an rubuta 6.40-15. Ma'anarsa faɗin tayar inci 6.4 ne, wilin da za ta hau kuwa inci 15. Radiyal ɗin da ta gaje ta tana ɗauke da 185 R 15: faɗi milimita 185, harafin R yana nufin radiyal, 15 kuma incin wili. Milimita da inci a layi ɗaya, abin ya yi bambaraƙwai, amma haka masu sana'ar suka gada. A tayoyin zamani za ka ga ƙarin lamba a tsakiya, kamar 205/60 R 15. Wannan 60 ɗin tana faɗa maka cewa tsayin gefen tayar kashi 60 ne cikin ɗari na faɗinta. Inda babu lambar tsakiya, kamar a 185 R 15, tsayin gefen kimanin kashi 80 ne.

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, don haka mu tsaya mu yi lissafi. Inci 15 daidai yake da milimita 381. Gefen tayar 185 R 15 kashi 80 ne na 185, wato milimita 148. Gefe biyu ne, na sama da na ƙasa, ke nan 296. Ka haɗa da 381, tsayin tayar baki ɗaya ya zama milimita 677. Ka yi wa 205/60 R 15 irin wannan lissafi: kashi 60 na 205 shi ne 123, sau biyu 246, a haɗa da 381 a sami 627. Duka biyun za su hau wili mai inci 15, mai sayarwa ma yana iya ce maka ta biyun ta fi faɗi, ta fi araha. Amma ta gaza ta farko da milimita 50.

Me wannan giɓi zai jawo? Gajeriyar taya sai ta ƙara yawan juyawa kafin ta ci nisan da doguwa take ci. Maleji kuwa juyi yake ƙirgawa, bai san an sauya taya ba, sai ya riƙa nuna 108 alhali gudunka 100 ne. Injin zai riƙa wahala fiye da kima a doguwar tafiya. Motar za ta sunkuya da milimita 25, ita da dama can salansarta kusa take da ƙasa, sai ka ji tana gugar kowane tudu. Ga kuma muni: ƙaramar taya a cikin babban gurbi kamar yaro ne ya sa takalmin babansa.

Batun faɗi shi ma yana da ruɗi. Ido yana son taya mai faɗi, hankali ma yana raya maka cewa za ta fi riƙe hanya. A motar zamani haka ne, domin da ita aka tsara motar. Tsohuwar mota tana kishingiɗa gefe ɗaya idan ta shiga kwana, ƙafafunta su karkata tare da ita. Tayoyin zamaninta kafaɗunsu zagaye suke, saboda haka ko mota ta karkata, tayar tana ci gaba da taka ƙasa daidai. Tayar zamani mai faɗi kafaɗunta a miƙe suke kamar akwati. Da motar ta karkata sai gefe ɗaya ya ɗaga, riƙon ya ragu farat ɗaya ba gargaɗi. Ban da wannan, E-Type ta farko ba ta da na'urar da take sauƙaƙa juya sitiyari, ƙarfin damtsenka ne kawai, kuma wilinta siriri ne, inci 5. Gaskiya ne cewa samfurin ƙarshe da ya fito a 1971, mai injin silinda 12, an sa masa taya mai faɗin 205/70, wadda tsayinta milimita 668 ne, kusa da na asali. Sai dai shi an faɗaɗa wilinsa da gurbin tayarsa, an kuma ba shi na'urar sitiyarin. Wasu suna sa wannan taya a samfurin farko, suna kuma yabawa. A ganina sun sayi kwarjini ne da farashin sitiyari mai nauyi.

Akwai wani harafi da bai kamata ya wuce ka ba, shi ne na iyakar gudu. S tana nufin kilomita 180 a sa'a, T 190, H 210, V kuma 240. Motar da take iya kaiwa 240, V ce ta dace da ita, shi ya sa za ka ga an rubuta 185 VR 15. Ka yi hattara da mai harafin C a ƙarshe, wato 185 R 15 C. Girmansu ɗaya, amma ita wannan ta ƙananan motocin ɗaukar kaya ce, gefenta tauri gare shi, ba a yi ta don gudu ba.

Yawancin waɗannan motoci wilinsu na wayoyi ne, irin na ƙafar keke. Kowace waya tana da huda a jikin wilin, iska kuma tana tsiyaya ta nan. Saboda haka irin wilin asali yana buƙatar tif a ciki, da wani ƙyallen roba da ake naɗawa don kada kawunan wayoyin su huda tif ɗin. Sabuwar taya da sabon tif take tafiya. Ka sa mai faci ya shafa cikin tayar da hannunsa ya ɓanɓare duk wata takardar shaida da aka manna, domin gefenta yana cin tif a hankali har ya fashe.

Babban abokin gābar tayar tsohuwar mota shi ne shekaru, ba tafiya ba. Motar da ake fita da ita sau goma a shekara zanen tayarta ba zai suɗe ba, sai ta riƙa ɗaukar ido kamar sabuwa. Amma roba tana bushewa ta yi tauri, ta fara tsattsagewa, mannin da ya haɗa ta da zaruruwan ciki ya yi rauni. Ranar da aka taka gudu tayar ta ɗauki zafi, ranar take tarwatsewa. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a kai taya ga gwani ya duba ta kowace shekara idan ta yi shekara biyar tana aiki, a kuma cire ta idan ta cika goma, kome kyan zanenta. Shekarun nata a rubuce suke a gefenta. Ka nemi layin da ya fara da haruffan DOT, ka dubi lambobi huɗu na ƙarshe. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobi uku ne kawai, an yi ta kafin shekarar 2000, ba ta da wurin zuwa sai juji. Wannan karatu zai yi maka amfani ko ba ka taɓa ganin Jaguar ba. Gwada shi a jikin motar gidanku ko bas ɗin da kake shiga, musamman ma da yake tayoyin gwanjo sun cika kasuwanninmu.

An yi sa'a har yanzu ana yin tayoyi masu siffar dā da robar zamani. Michelin yana yin XVS, Pirelli na Italiya yana yin Cinturato CA67, duka a girman 185 VR 15. Kaɗan-kaɗan ake yin su, shi ya sa suke da tsada, kuma wata takan daɗe a shago kafin mai saye ya zo, don haka ko sabuwa ce ka duba lambobin nan huɗu kafin ka biya. Ka sayi guda biyar iri ɗaya, ba huɗu ba. Ta biyar ɗin ita ce safaya, wadda take kwance a ƙarƙashin daɓen but, inda ba mai ganinta, kuma sau da yawa idan aka ɗaga murfin akan tarar ta girmi sauran da shekara ashirin.