Bayan ƴan gaisuwa sun watse

Ranar rasuwa gida cike yake. Amma da an yi sadakar arba'in, kowa ya kama gabansa, sai ɗiya ta dubi tabarmar inna ba kowa. A nan kewa ke fara ciwo.

A ƙungiyoyinmu na Mata Masu Dubara, daga Maraɗi har Damagaram, ba kuɗi kaɗai ya haɗa mu ba. Wadda ta rasa uwa ko uba, mu yafe mata tarar fashin zama, mu ɗaga mata biyan bashi, mu kai mata fura, mu zauna da ita ko ba a ce komi ba.

Mu tuna mata abin da malamai suka koya mana: addu'ar ɗiya tagari tana isa ga mamaci. Ashe hidimar iyaye ba ta ƙare ba, ƴan uwa. Allah ya jiƙan magabatanmu.